Majinyaci Da Barewa: Ina Iyakar Tausayi?

Mai karatu, in kana cikin masu bibiyar finafinan Indiya, ƙila ka kalli Guzaarish, fim ɗin da Sanjay Leela Bhansali ya shirya a 2010. Hrithik Roshan ne ya fito a matsayin mai wasan siddabaru wanda haɗari ya shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙafa, ya shekara 14 a kwance, har ya kai ga roƙon kotu ta ba shi izinin mutuwa. Ƙila kuma tun kana yaro ka ga Bambi, katun ɗin kamfanin Disney na 1942, inda maharbi ya bindige uwar ɗan barewa. A fim na farko mai kallo yana share hawaye yana cewa a ƙyale bawan Allah ya huta. A na biyu yana share hawaye yana tsine wa maharbi. Duka biyun sunansu tausayi. To, wai shin tausayi kaɗai ya isa a kafa doka a kansa?

Tambayar ba ta tsaya a fim ba. A shekarar 2025 majalisar dokokin Sikotlan da ke birnin Edinbara ta samu kanta da batutuwan nan biyu a gabanta: ƙudirin dokar da zai ba likita damar taimaka wa mai ciwon ajali ya ƙare rayuwarsa, da wani ƙudirin kan muhalli wanda ya ƙunshi yadda za a rage yawan barewa a karkara.

Bari mu fara da barewar. Ba irin tamu ta sahel ba ce, ita wannan namijinta ƙahonsa rassa-rassa ne kamar itace. Turawan sun ƙarar da kyarkecin da ke cin ta tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, don haka ba ta da wani abokin gaba sai ɗan Adam. An ƙiyasta cewa yawanta a Sikotlan ya kai kusan miliyan ɗaya, wato ninki biyu na yadda yake a wajajen 1990. Tana cinye ƙananan itatuwa tun kafin su tasa, daji ya kasa farfaɗowa, ta yi ɓarna a gona, ta jawo haɗarin mota. In sanyi ya tsananta, ita kanta yunwa ke kashe ta. Ka ga a nan wanda ya ce don tausayi kada a harba, ya zaɓar mata mutuwar da ta fi harsashi zafi.

A 2020 aka wallafa rahoton wani kwamitin masana mai shawarwari 99. A 2023 majalisa ta amince a riƙa harbin namijin barewa duk tsawon shekara, har da amfani da na'urar gani cikin duhu. Amma da gwamnati ta nemi a ƙara tsawon lokacin harbin matan, sai maharban da ke wannan sana'a suka tada ƙayar baya. Suka ce mu ne za mu farke cikin dabbar mu tarar da ɗan tayi ya girma, ku kuwa kuna zaune a ofis. Gwamnati ta janye wannan shawarar. Riƙe wannan, mai karatu, domin za mu dawo kansa: wanda ya rubuta doka daban, wanda hannunsa zai taɓa jini daban.

Yanzu ga batun majinyaci. A Ingila da Wels, dokar 1961 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa. A 2015 majalisar wakilai ta Landan ta yi fatali da yunƙurin sauya hakan da ƙuri'a 330 da 118. Shekara tara bayan nan, 'yar majalisa Kim Leadbeater ta sake kawo ƙudiri, kuma ranar 29 ga Nuwamba 2024 ya tsallake karatu na biyu da ƙuri'a 330 da 275. Sharuɗɗansa: mutum ya kai shekara 18, yana cikin hankalinsa, likitoci biyu su tabbatar ba a sa ran zai wuce wata shida, kuma shi da kansa zai sha maganin. A Edinbara ma, bayan an kayar da irin wannan ƙudiri a 2010 da 2015, na Liam McArthur ya tsallake matakin farko ranar 13 ga Mayu 2025 da ƙuri'a 70 da 56.

Masu goyon baya ba mugaye ba ne, kada mu zalunce su. Da yawansu sun yi jinyar uwa ko miji, sun ga azabar da allura ta kasa kwantarwa. Hujjarsu ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma sun ce masu kuɗi suna tafiya Suwizalan su biya a yi musu, talaka ne kawai doka ta tare.

Sai dai abin lura shi ne abin da ya faru da ƙudirin Landan da aka shiga da shi kwamiti aka fara bin sa layi-layi. Da farko an ce alƙalin babbar kotu ne zai sa hannu kan kowace buƙata, kuma da wannan alkawari aka lallashi wasu 'yan majalisa. A kwamiti sai aka cire alƙalin, aka maye gurbinsa da mutum uku: babban lauya, likitan ƙwaƙwalwa da jami'in walwalar jama'a. Da aka zo karatu na uku ranar 20 ga Yuni 2025, sai ƙuri'a ta koma 314 da 291. Tazarar 55 ta dawo 23. Da ƙudirin ya isa majalisar dattawa, aka gabatar da gyare-gyare sama da dubu, har masu goyon baya suka ce jan ƙafa ne kawai da gangan. A Sikotlan kuma ƙudirin ya fara ne da shekara 16, sai da aka yi ta ƙorafi mai shi ya yarda a mayar 18.

Me ya sa wasu da suka ce e da farko suka ja da baya? Saboda fim fuska ɗaya yake nuna maka, doka kuwa kowa take hawa. Jarumin fim yana da baki, yana da lauya, yana da masoya. Amma fa akwai tsohuwar da kyamara ba ta zuwa ɗakinta, wadda ba wanda ya ce mata ta mutu, sai dai kullum tana jin 'ya'yanta suna lissafin kuɗin jinya a tsakar gida. In ta ce wa likita ta gaji, zaɓinta ne ko kunya ce? Wace na'ura ce za ta auna wannan? Sannan likitoci da kansu sun san hasashen wata shida yana kuskure. Sau nawa aka fidda rai da mutum ya tashi ya yi shekaru? Ga kuma gidajen jinyar masu ciwon ajali a Ingila, waɗanda mafi yawan kuɗinsu daga taimakon jama'a yake fitowa. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ƙi ƙudirin, yana nuni da raunin irin wannan kulawa. In rage raɗaɗi ya yi wuyar samu, mutuwa kuma ta zo da sauƙi, ai ba a ba majinyaci zaɓi na gaskiya ba.

Masu adawa suna yawan nuna Kanada. A 2016 ta halatta abin ga wanda ajalinsa ya gabato, a 2021 aka cire wannan sharaɗi, kuma a 2023 kusan mutuwa ɗaya cikin ashirin a ƙasar ta wannan hanya ta zo. Ƙofar da aka buɗe kaɗan, ba lalle ta tsaya a yadda aka buɗe ta ba.

Mu koma kan maharbin nan. An saurare shi domin shi ne zai ja kunamar bindiga. Haka likita da nas da mai haɗa magani: ƙudirorin biyu sai da suka tanadi cewa ba za a tilasta wa ma'aikacin lafiya shiga abin da zuciyarsa ta ƙi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa su kansu masu rubuta dokar sun san ba magani irin na kullum ake magana ba.

Inda batutuwan biyu suka rabu shi ne wajen lissafi. Barewa ana ƙirga ta: guda nawa daji zai ɗauka, guda nawa za a rage bana. Daidai ne, domin kiwon ƙasa amana ce, kuma ko a nan an wajabta wa maharbi ya kashe ba tare da azabtarwa ba. Ɗan Adam kuwa, ranar da aka fara auna shi da kuɗin gado da na magani, an sauke shi daga matsayinsa, ko da da sunan jinƙai aka yi. A wurin mafi yawan masu karanta wannan shafi maganar a yanke take: rai na Allah ne, ba a ba mai shi ikon ɗaukewa ba, balle likita. Amma ko wanda bai tsaya kan wannan ba, ya kamata ya yarda cewa kuskure a dokar barewa ana gyara shi baɗi, garke ya sake yaɗuwa. Kuskure a ɗaya dokar kabari ake haƙa masa.

Shi ya sa jinkirin majalisa, duk da haushin da yake bayarwa, ya fi gaggawar hawaye amfani a irin wannan wuri. Tausayi na gari shi ne wanda ya yarda a yi masa tambayoyi: wa zai aikata, wa zai cutu, wa ba a ji ta bakinsa ba?

Saura kai, mai karatu. In akwai majinyaci a gidanku, kula da abin da kake faɗa a kusa da shi, kada ya wayi gari yana ganin kansa kaya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa mu cika da kyau da imani.