Shekara ɗari da ɗoriya, har yanzu baƙi ne mu?



Akwai wata magana da muke fakewa da ita duk lokacin da aka kawo zancen ƙaramar hukuma: "Ai mu baƙi ne, ba ruwanmu." Tun 1916 aka yanka wa Hausawa wannan unguwa a Ibadan. A nan aka yanke cibiyar da yawanmu, a nan muka binne iyayenmu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To wanda ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya har da jikoki, ai ya wuce raɓa.

Ga tambayar da nake so mu yi wa kanmu: idan kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, zazzaɓi ya kwantar da yaron maƙwabci, shin wanda ya gani ya yi shiru yana da kaso a cikin laifin? Ni dai a ganina yana da shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa akwai aikin da in wasu suka yi ya sauka daga wuyan kowa, in kuwa kowa ya bari, to kowa ya ɗauki alhaki. Kula da maslahar unguwa yana cikin irin wannan.

Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, magudanan ruwa da kwashe shara, sannan tana da hannu a makarantun firamare da asibitocin unguwa. Duba da kyau, wanne ne a ciki bai shafi ɗan kasuwa ba? Kullum muna yankar tikiti, muna biyan kuɗin shago. Mutumin da ba ya yarda yaron shagonsa ya kwana bai yi masa lissafi ba, shi ne kuma bai taɓa tambayar inda harajinsa ke tafiya ba.

Wani zai ce, "Malam, zaɓen ƙaramar hukuma ai jam'iyyar gwamna ce ke kwashewa." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, haka abin yake a yawancin jihohi. Amma shiga harkar hukuma ba ranar zaɓe kaɗai ba ce. Kuma ɗan siyasa akwatin zaɓe yake ƙirgawa. In katinka na Kano ko Sakkwato ne, alhali shekara ashirin kana Sabo, da wane baki za ka tsare kansila?

Wani kuma zai ce Sarkin Hausawa ya ishe mu. Allah ya ƙara wa sarki lafiya, yana bakin ƙoƙarinsa. Sai dai kasafin kuɗi ba a hannunsa yake ba, kuma maganarsa ta fi nauyi a gaban ciyaman in an san akwai masu ƙuri'a a bayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko da abin yana tafiyar hawainiya, ranar da kuɗin suka iso, unguwar da aka san fuskokinta ce za a fara tunawa da ita.

Saboda haka, mu je ofishin INEC mu dawo da rajistarmu nan idan aka buɗe. Mu san sunan kansilanmu da ofishinsa. In an kira taron unguwa, mu zauna tare da maƙwabtanmu Yarbawa, don kwatar da ta toshe ba ta tambayar yaren kowa. Koke kuma mu rubuta shi, mu kai sakatariyar Ibadan ta Arewa, mu ajiye kwafi. Yaranmu da suka yi boko, masu jin Yarbanci kamar Hausa, mu tura su gaba.

Ba rigima nake kira ba. Garin da ya ciyar da kai yana da haƙƙi a kanka, kai ma kana da haƙƙi a kansa. Allah ya ba mu ikon sauke namu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.