Amanar malamin jami'a a zamanin na'ura mai rubutu

 Muna so mu yi nazari a kan wata mas'ala da ta shigo harkar ilimi, wadda ta shafi malamai da ɗalibai da iyayen yara baki ɗaya.

Ranar 30 ga Nuwamba 2022 wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, wata na'urar intanet da ake yi wa tambaya ta ba da amsa a rubuce. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan tana iya tsara bayani mai shafi biyar, ko ta taƙaita littafi, ko ta warware lissafi. Jami'o'i suka rikice. A Janairun 2023 makarantar Sciences Po ta birnin Paris ta hana ɗalibanta aiki da ita ba tare da sun bayyana ba, ta kuma ce hukuncin yana iya kaiwa ga kora. Wasu makarantun suka hana, daga baya suka janye. A Satumban 2023 hukumar UNESCO ta buga jagora a kan amfani da irin wannan na'ura wajen koyarwa da bincike. To amma doka ba ta ƙare magana ba, domin tushen mas'alar amana ce.

Mu fara da tambayar da ta fi muhimmanci: mene ne aikin malamin jami'a? Yana koyarwa, sa'an nan yana ba da shaida. Duk makin da ya sa a takardar ɗalibi, faɗa wa jama'a yake yi cewa wane ya san abu kaza. Da wannan shaida ake ba mutum difloma, da difloma ake ba shi asibiti ya duba marar lafiya, ko gada ya gina, ko aji ya karantar da ƴaƴanmu. Matar da ta kai ɗanta wurin likita ba ta da ikon jarraba shi. Ta dogara ne da sa hannun malaman da ba ta taɓa gani ba. Idan malami ya ba da maki a kan rubutun da na'ura ta yi, ya shaidi abin da bai gani ba, kuma waɗanda za su biya kuɗin wannan shaida su ne talakawan da ba su san an yi ba.

Ya kamata mu san yadda na'urar take aiki. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ta fi dacewa ta biyo wace. Saboda haka maganarta tana da daɗi da tsari, amma daɗin magana ba ya tabbatar da gaskiyarta. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 domin sun gabatar da hukunce-hukuncen shari'a guda shida da ChatGPT ta ƙaga, babu su ko a wane kundi. Alƙali bai kira na'ura ya tuhume ta ba. Waɗanda suka sa hannu su ya kama. Haka abin yake a jami'a: alhakin kowane rubutu yana wuyan wanda sunansa ke kai.

Wani zai ce, ai maganin abin mai sauƙi ne, a sa wata na'urar ta kama masu maguɗi. A nan ne haɗari na biyu yake, wato zargin wanda bai ji ba bai gani ba. A Mayun 2023 wani malami a wata jami'ar jihar Teksas ya zuba rubutun ɗalibansa cikin ChatGPT, ya tambaye ta ko ita ta rubuta. Ta amsa cewa ita ce, ya riƙe makinsu, alhali ba a yi ta domin wannan aiki ba. Shi kansa kamfanin OpenAI ya fito da na'urar gano rubutun na'ura a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin shekarar saboda yawan kurenta: kashi 26 cikin 100 kaɗai take ganowa, kuma tana ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifin da ba nasu ba. A shekarar dai, masu bincike na jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan na'urori guda 7 a kan rubutu 91 na ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne. Fiye da rabi aka ce na'ura ta rubuta, alhali hannun mutum ne. Dalili kuwa, mai rubutu da harshen aro yakan tsaya ga kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙi. A kan Ingilishi aka yi binciken, amma darasin ya isa ya sa malamanmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su yi hattara, tun da ɗalibansu da Faransanci suke rubutu, harshen da suka koya a aji. Korar ɗalibi bisa zato zalunci ne, ko da zaton ya fito daga kwamfuta.

Akwai kuma abin da ya hau kan malamin shi kansa. A 2025 wata ɗaliba a jami'ar Northeastern ta birnin Boston ta gano cewa malaminta da ChatGPT ya shirya takardun darasi, alhali an hana su ɗalibai yin haka. Ta nemi a mayar mata da kuɗin darasin, kimanin dala 8,000. Jami'ar ba ta biya ba, amma tambayarta tana nan: yaya za a yi malami ya hana abin da yake yi a ɓoye? Ba laifi malami mai ɗalibai ɗari uku ya nemi taimakon na'ura wajen tsara misalai ko gyara lafazi, muddin ya duba kowane layi da idonsa, ya kuma faɗa wa ɗalibai abin da ya yi. Amma ba da maki, da yanke hukunci a kan makomar ɗan wani, wannan nauyi ne da ba a miƙa shi ga abin da ba ya jin kunya kuma ba a iya tuhumarsa.

Masu neman a haramta ta ƙwata-ƙwata suna da hujja. Suna cewa wahalar rubutu ita ce ke gina tunani, kuma wanda aka ɗauke wa wahalar an ɗauke masa ilimin. Gaskiya ne, kowa ya sha inuwar gemu bai kai maƙogwaro ba, kuma ɗalibin da bai taɓa kokawa da farar takarda ba zai fita da difloma da kai fanko. Sai dai hanin da ba a iya tsare shi yana cutar mai gaskiya, ya bar mai wayo. Kuma ɗalibin da ɗakin karatunsu ba shi da littattafai yana iya samun mai yi masa bayani da tsakar dare, ya maimaita sau goma ba gajiya.

Hanyar da muke ganin ta fi kusa da adalci ita ce wadda jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya ta bi: ta raba jarrabawa gida biyu. Akwai wadda ake yi gaban malami, baki da baki ko a rubuce cikin aji, domin a tabbatar da abin da ke kan ɗalibi. Akwai kuma aikin gida da aka yarda a yi da na'ura, bisa sharaɗin ɗalibi ya bayyana yadda ya yi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A zauren karatu almajiri yakan karanta gaban malaminsa, a tsayar da shi a tambaye shi ma'ana, kafin a ba shi izinin wucewa gaba. Minti goma na tambaya ido da ido sun fi kowace na'urar bincike nuna wanda ya sani.

Don haka muna kira ga malamai su faɗi ƙa'ida a fili tun ranar farko ta shekara, su fara tsare ta a kansu, kada kuma su hukunta kowa sai sun zaunar da shi sun ji ta bakinsa. Ɗalibai kuwa su tuna cewa ranar da marar lafiya zai kwanta gabansu, abin da ke cikin kansu kaɗai zai amfane shi. Allah ya sa mu dace. Wassalam.