Idan Warkarwa Ta Yi Jinkiri

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13

Akwai tambayar da iyaye da yawa a ikilisiya suke ɓoyewa a zuci. Yaro ya kai shekara 17, ba ya ji, ko ba ya tafiya, ko kuwa fahimtarsa ba ta kai ta tsaransa ba. An yi azumi, an shafe shi da mai, an kwana ana addu'a. To, idan uwarsa ta fara koya masa ƙirga canji da zuwa kasuwa shi kaɗai, ta fid da rai ga warkarwa ke nan? Rashin bangaskiya ne?

Ni dai na ce a'a. Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau, ba kuwa za mu fasa roƙo ba. Amma ku dubi Mefiboshet ɗan Jonatan. Yana shekara 5 ya faɗi a hannun mai renonsa, ya gurgunce ƙafa biyu, kuma Littafi Mai Tsarki bai ce ya warke ba. Duk da haka Dawuda bai ba shi sadaka ya sallame shi ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa su noma masa, ya ba shi wurin zama a teburin sarki. Har ɗa yana da shi, mai suna Mika. Magidanci ne, ba yaron da ake ajiyewa a ɗaki idan baƙi sun zo ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A sura 16, Ziban nan da aka damƙa wa amana ya kai ƙarar ubangidansa wurin sarki, aka mallaka masa dukiyar duka. Sai da Mefiboshet ya buɗe baki ya kāre kansa a sura 19, sannan ya sami rabi. Da ba ya iya magana don kansa fa? Wannan ne yake hana ni barci. Wata rana ba za mu kasance ba, kuma kawun da muke dogara gare shi mutum ne.

Saboda haka a koya wa yaro wanka da girki da sana'a gwargwadon ƙarfinsa, ko ɗinki, ko kiwon kaji. A koya wa yarinya cewa jikinta nata ne, ta san wanda za ta faɗa wa idan an taɓa ta. A rubuta rabonsu na gado a gaban shaidu tun muna da rai. Masu bi ne suka buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, ba su kuwa daina addu'a don sun koyar da karatun Braille ba.

Ku shugabannin matasa, wannan Lahadi ku tambayi yaron nan da kansa, ba mahaifiyarsa ba, wane aiki yake so ya riƙe a majami'a.