Fure a Cikin Kwalba

A shekarar 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe kwalba da 'yar ƙasa a ciki, bayan wani lokaci sai ga tsiro. Ba wanda ya ba shi ruwa. Danshi ke tashi ya taru a jikin gilashin, ya gangaro, ya sake tashi, hayaƙin kwal da ke kashe masa shuke-shuke a waje kuwa bai samu ƙofa ba. Daga nan aka samo akwatunan gilashi da ake renon furanni a ɗaki, har da okid, furen da galibi ke zama a kan reshe kamar kauci, sai dai shi ba ya tsotsar bishiyar. Saiwarsa a fili take, ruwan sama da raɓa take sha.

Tun da na karanta wannan labari nake tunanin Baba.

Damina biyu ke nan da muka ɗauko shi daga ƙauyenmu na ƙasar Zurmi zuwa Kaura Namoda. Ga ɗaki mai fanka, ga abinci a kan kari, ga asibiti kusa. Muka kuma gindaya masa sharaɗi: ba gona, ba hanyar Shinkafi, ko da ranar Alhamis ce da kasuwa ke ci. Wanda ya san abin da ke fitowa daga dajin Dumburum ba zai ce mun yi wauta ba.

Amma fure ba a neman shawararsa, Baba kuwa yana da baki, kuma ba mu tambaye shi ba. Mun ce ransa muke karewa. Gaskiya ne, sai dai har da aljihunmu: in aka ɗauke shi, mu za mu sayar da abin da muka mallaka mu biya fansa. To rayuwar tasa shi kaɗai ke da ita, ko da rabonmu a ciki? In da rabonmu, ya kai mu riƙe murfin? Masu renon okid sun ce in aka toshe akwatin ruf, iska ba ta zagayawa, saiwar ruɓewa take yi alhali ganyen na nan kore.

Bara ya shuka gero a tsohon buhun siminti a bayan madafa. Kara biyar. Kullum bayan asuba sai ya je ya tsaya a kansu.

Shekaranjiya ya kira ni. "Ɗan nan, ka bar ni in je in ga gonar, ko wuni ɗaya ne." Na ce sai na yi magana da Yaya. Har yanzu ban kira shi ba.