Nasarar Fari da Haƙƙin Godiya

Tun daga 1945, lokacin da Gwamna Richards ya ba da kofin da aka riƙa kira Kofin Gwamna domin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa su yi takara a kansa, har zuwa 1952, kofin nan bai taɓa barin garin Ikko ba. In ma'aikatan jiragen ruwa ba su ɗauka ba, to, na reluwe sun ɗauka, ko kuwa na wani kamfani ko banki, har abin ya zama kamar gadon mutanen bakin teku. Sai a 1953 ƙungiyar Kano ta je Ikko, ta gamu da Dynamos a wasan ƙarshe, ta ci ta biyu da ɗaya, kofin kuwa ya ƙetare Kwara ya yiwo Arewa karo na farko. Wanda ya san halin da ake ciki a wannan shekara, wadda a cikinta aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko saboda saɓani a kan lokacin mulkin kai, kuma a watan Mayunta aka zubar da jini a Kano, shi zai iya kimanta nauyin da wannan ɗan ƙarfe ya yi a zukatan mutane.

A wancan zamani ƙwallo ba sana'a ba ce, domin sai a 1990 aka kafa gasar ƙwararru a Nijeriya. Wasan ma'aikata ne da 'yan makaranta, wanda ya biyo hanyar jirgin ƙasa da ta iso Zariya da Kano a 1911, ya sami masauki a unguwannin da suka tashi a gefen tasha, irin Sabon Garinmu na Zariya, kafin ya shiga birane da ƙauyuka, har ya zo ga yaranmu na Bomo, waɗanda ke kafa raga da kara biyu a gona da zarar an kwashe dawa.

Mas'alar da take damuna ita ce wannan: me ya sa nasarar fari take zuwa da tawali'u da hamdala, amma nasarorin da ke biyo bayanta, alhali sau da yawa sun fi ta girma, sukan zo da gadara da ƙarancin haƙuri? Malaman tauhidi sun karantar da mu cewa bawa yana da kasabi, wato yunƙurinsa da zaɓinsa waɗanda a kansu ake yi masa hisabi, amma halittar aikin da tabbatar sakamakonsa suna hannun Ubangiji Shi kaɗai. Kowane ɗalibi yana iya haddace wannan a zauren malaminsa. Sai dai haddacewa daban, ɗanɗanawa daban, kuma a ganina babu wanda yake ɗanɗanarsa kamar mutumin da ya yi shekaru yana ba da iyakar ƙoƙarinsa yana komawa gida hannu rabbana, sa'an nan wata rana, da ƙafafun nan nasa da dabarar nan tasa, aka buɗe masa ƙofar da ta daɗe a rufe. Wannan ba ya bukatar wa'azi kafin ya gane cewa ƙoƙari sababi ne kawai, domin ya ga ƙoƙarin ba tare da rabo ba, ya kuma ga ranar da rabon ya rantse. Manoman fadamarmu sun san irin wannan: ranar da ruwan farko ya sauka bayan bazara, babu bakin da ba ya cewa alhamdu lillahi, amma in aka shiga watan Agusta, ruwan da aka yi ta roƙo shi ne ake tsaki a kansa don ya hana zuwa kasuwar Samaru.

Mutanen Kano ba su jima ba suka sake ɗanɗana ɗaya ɓangaren, wato rashi, gama a 1954 sun sake kaiwa wasan ƙarshe, Kalaba ta ci su huɗu da uku. Aka yi shekara ashirin da biyar daga nasarar fari kafin Raccah Rovers ta kawo wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978, aka kuma ƙara talatin kafin Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki nata na farko a 2008. A kakar da ta biyo baya ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ta jera kofin ƙasa sau uku, 2012 da 2013 da 2014. A nan ne jarrabawar ta canza kama. Ni'ima in ta dawwama, zuciya takan manta cewa kyauta ce, ta fara lissafa ta cikin haƙƙoƙinta, wanda kuwa yake ganin nasara haƙƙinsa ce, dole ya ɗauki rashinta zalunci, ya tashi neman azzalumin, ko alƙalin wasa ne, ko mai horarwa, ko baƙin da suka zo daga wani gari. A 2022 wasu magoya bayan Kano Pillars suka farfasa motar 'yan wasan Katsina United a Kano, hukuma ta ci Pillars tara, ta kuma zaftare mata maki. Katsinawa kuwa 'yan'uwa ne, kuma baƙi ne, baƙo kuma yana da haƙƙi a shari'a da al'ada wanda babu sakamakon wasan da zai kayar da shi. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Allah Ya tsare ni da daidaita wasa da yaƙin ɗaukaka addini, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce a babban al'amari da ƙarami, darasin kuwa yana cikin sira. A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne, suna ƙanƙan da kai suna roƙo, aka ba su nasara. A Hunainu, shekara ta 8, sun kai dubu goma sha biyu, yawansu ya ƙayatar da wasunsu, sai rundunar ta watse a farkon gamuwa kafin Allah Ya saukar da natsuwa. Akwai ma abin da ya fi kusa da zancenmu, wanda Imamu Buhari ya ruwaito: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a tsere mata, har wani Balaraben ƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai zafi. Sai ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa sunnar Allah ce duk abin da ya ɗaukaka a duniya wata rana a sauke shi. A nan akwai halaccin tsere, akwai kuma amincewa da cewa rashin nasara yana da zafi ko ga mafifitan mutane, akwai kuma ladabin karɓarsa.

Saboda haka ba na tare da waɗanda ke cewa ƙwallo lahawu ce zalla wadda bai kamata mai hankali ya ɓata tawada a kanta ba. Matuƙar ba ta tozarta salla ba, ba ta shigo da caca ko tsafi ba, to, makaranta ce da dubban samari ke shiga kowane mako, a filaye da gidajen kallo na Samaru da Sabon Gari, suna koyon yadda ake samu da yadda ake rashi, ko dai su koya da kyau ko su koya a karkace, kuma abin da suka koya a can da shi za su shiga kasuwa da aure da siyasa. Ya kamata limamanmu da malaman Islamiyya su san wannan makaranta da abin da ake karantawa a cikinta, domin ɗalibanta su ne masu cika sahu a bayansu ranar Juma'a.

A ƙarshen kakar 2022, Kano Pillars da Katsina United duka biyu suka faɗa rukuni na ƙasa. Tare suka yi shekara guda a can, tare kuma suka dawo babbar gasa a 2023.