Shirun Madarunfa

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wanne ya fi wa bawa, ya keɓe kansa ko ya zauna cikin mutane. Imam Gazali ya ware wa mas'alar babi guda a cikin littafinsa Ihya'u, ya auna amfanin kaɗaici da illarsa, ya bar hukuncin ga halin kowane mutum. Shi kansa ya ajiye koyarwa a Bagadaza a 1095, ya yi shekaru a keɓe, daga baya ya koma karantarwa a Naisaburi.

Ni a Madarunfa tambayar ta fara damuna. Ƙaramin gari ne kudu da Maraɗi, ga wanda ya taso daga Katsina sai ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar ta Ɗan Isa. Tafki na gefensa, daji na kusa, kuma mutanen garin suna cewa waliyyai 99 ne ke kwance a kewayen ruwan. A 2006 Nijar ta sanya tafkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Bayan sallar asuba na sauka bakin ruwa. Wanda ya saba da ƙarar janareta da hon ɗin 'yan Adaidaita, kunnensa kan ɗan ruɗe kafin ya yarda. Zalɓe na tsaye a ƙafa ɗaya cikin ruwa mara zurfi, balbelu na bin shanu, kwalekwale na tafiya ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili. Na ɗauko carbi ina tsammanin zuciya za ta kwanta nan take. Sai ga bashin da nake bin wani, ga maganar da aka gaya mini a wurin aiki, duk sun biyo ni. Da can ƙarar birni ce ke rufe su. Shiru bai wanke mini komai ba, fitila kawai ya kunna a ɗakin da ba a share ba. Ina ganin wannan ne ainihin amfanin halwa, kuma ba ƙaramin amfani ba ne: ka san abin da kake ɗauke da shi.

Wani dattijon masunci na zaune yana ɗinke komarsa, zare a baki, babban yatsan ƙafa na riƙe da bakin ragar. Na ce, "Baba, kun more, ga natsuwa." Ya cire zaren ya ce, "Ɗana, kai ka zo hutawa. Ni in ruwan nan ya yi shiru da yawa, lissafin hatsi nake yi." Ya nuna mini 'yan karfasa da tarwaɗa a ƙasan jirgi, ba su cika ƙwarya ba. Abin da baƙo ke kira kwanciyar hankali, wurin neman abincin wani ne, kuma zikirin da na ji dattijon yana yi a hankali tare da ɗinkin yake tafiya, bai ware masa lokaci ko wuri ba. Na tuna hadisin da ke fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya guje su. Manzon Allah (SAW) ya keɓe a kogon Hira, amma da wahayi ya sauka, Makka ya nufa.

Akwai kuma abin da ba zan iya tsallakewa ba. Dazukan kan iyakar nan, har da na Baban Rafi, a shekarun nan sun zama mafakar 'yan bindiga masu satar shanu da mutane, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Inuwar da mai ibada ke nema, ita ɓarawo ke nema. Ƙauyen da ya yi tsit da magariba, wani lokaci tsoro ne ya rufe masa baki. Da na tambayi mai masaukina ko zan iya shiga dajin da yamma in zauna ni kaɗai, ya girgiza kai ya ce, "Malam, yanzu ko mai itace ba ya yarda la'asar ta same shi a ciki."