Hoton da Ba a Gani Ba

Shin riya ce mai ɗaukar hoto ya so jama'a su ga abin da ya ɗauka a dandalin kiɗa? Mu dubi Malick Sidibé na Bamako. A shekarun 1960 yakan kwana yana ɗaukar matasa a wuraren rawa, ya wanke hotunan, ya baje su a shagonsa domin su zo su ga kansu. Kiɗa yakan ƙare da darensa, hoto ke riƙe da shaidarsa. Don haka muna ganin ɓoye shi tauye haƙƙin waɗanda ke cikinsa ne. Riya tana shigowa ne ranar da mai hoto ya fi son a gan shi bisa a ga abin da ya gani.